Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Wajabcin Ajiye Wasiƙun Imel a Kwamfutar Mai Su

Gabatarwa

Tun zamanin da, mai ilimi a ƙasar Hausa ya san darajar wasiƙa. Malami kan ninke wadda aka aiko masa ya sa a gafaka, attajiri kuwa ya kulle tasa a adaka, don sanin cewa wata rana ita ce shaida. Albarkacin irin wannan adanawa ne muhawarar da ta gudana ta hanyar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Barno ta iso ga manazarta a cikin littafin Infaƙul Maisuri. Haka nan wasiƙun Larabci da aka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, sun zama madogara ga masu binciken tarihin zuwan Turawa.

To, ga shi yau wasiƙa ta koma ta imel, amma mafi yawan ɗalibai ba su da ko guda ɗaya a hannunsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya wajaba ga duk ɗalibin da ya mallaki kwamfuta ya ɗora mata manhajar karanta imel, ya haɗa ta da akwatinsa na intanet, domin wasiƙunsa su kwana a ɗakinsa.

Ajiya a Rumbun Wani

Tun a 1971 Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a Amurka, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ da ke cikin kowane adireshi. Amma imel bai game duniya ba sai da aka fito da akwatunan da ake buɗewa a shafin intanet, wato irin su Hotmail a 1996, da Yahoo Mail a 1997, da Gmail a 2004. Sauƙinsu a fili yake, domin duk inda mutum ya sami na'ura mai intanet yana iya leƙa saƙonninsa. Sai dai kash, leƙen ne kawai. Wasiƙun suna can jibge a manyan kwamfutocin kamfani, waɗanda ake kira uwar garke, mai akwati kuwa tamkar wanda ya zuba hatsinsa ne a rumbun maƙwabci.

Wanda ya yi ajiya a rumbun wani, dole ya bi dokar mai rumbu. Alal misali, a 2023 kamfanin Google ya ba da sanarwar cewa daga watan Disamba na wannan shekara yana iya share duk akwatin da aka shekara biyu ba a buɗe ba, har da abin da ke cikinsa. Haka kuma wurin ajiyar da yake bayarwa kyauta gigabait 15 ne, wanda imel da hotuna da sauran takardu ke tarayya a kansa; in ya cika, sabon saƙo ba ya shiga.

Baya ga dokar mai rumbu, akwai kuma matsalar hanyar zuwa rumbun. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, abin da daga baya ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wasu wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aka sami tangarɗa a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. A irin wannan rana, ɗalibin da malaminsa ya aiko masa gyaran babi na uku, in bai sauke shi ba, shi da wanda ba a aiko wa kome ba duk ɗaya ne.

Yadda Ake Haɗa Su

Manhajojin wannan aiki suna da yawa, kamar Outlook na Microsoft da Apple Mail, amma wadda ta fi dacewa da aljihun ɗalibi ita ce Thunderbird ta Mozilla, wadda ta fito sosai a 2004, kuma kyauta ce. Bayan an ɗora ta, za ta nemi suna da adireshin imel, sannan galibi ita da kanta take lalubo sauran bayanan. Duk da haka ya kyautu mutum ya san abin da ake yi da sunansa.

Ƙa'idoji uku ne ke riƙe da aikin. Ta farko ita ce SMTP, wadda Jon Postel ya tsara a 1982, ita ce ɗan aiken da ke fita da saƙo. Sauran biyun na shigo da saƙo ne, kuma ɗaya ake zaɓa daga cikinsu: POP, wadda ta bayyana a 1984, da IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986. Kowace tana da adireshi da lambar ƙofar da take bi. Ga mai Gmail, ana sa imap.gmail.com da ƙofa ta 993, ko pop.gmail.com da ƙofa ta 995, sannan smtp.gmail.com da ƙofa ta 465 ko 587. Saƙon da ya bi waɗannan ƙofofi a kulle yake tafiya, ɗan leƙen asiri a hanya ba ya iya karanta shi.

Game da kalmar sirri, al'ada ta sauya. Tun a 2022 Google ya daina yarda manhaja ta shiga akwati da kalmar sirri zalla, Microsoft ma ya bi sahu a 2024. Yanzu manhajar ce ke buɗe shafin kamfanin, mai akwati ya shiga da kansa ya ba ta izini. In tsohuwar manhaja ce da ba ta san wannan hanya ba, Google kan ba da wata kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16, bisa sharaɗin an kunna tantancewa mai mataki biyu.

Inda Gizo Ke Saƙa

A wajen zaɓi tsakanin POP da IMAP ne mutane da yawa ke tuntuɓe. POP tamkar mai kwaso wasiƙu ne daga gidan waya ya kawo gida. Abin da ya kawo ya zauna ke nan, amma sai an umurce shi ya bar kwafi a can, in ba haka ba yana iya share akwatin tas. IMAP kuwa madubi ce: abin da ke rumbun kamfani shi take nunawa, don haka waya da kwamfuta kan ga abu guda. Amma fa madubi ba ma'aji ba ne. Duk saƙon da aka goge a can, da zarar an haɗu da intanet zai ɓace a nan. Saboda haka mai bin IMAP lalle ne ya riƙa kwafe muhimman wasiƙu zuwa jakunkunan gida, waɗanda Thunderbird ta keɓe a cikin kwamfutar ba su da alaƙa da kamfani.

Wani na iya cewa ai kwamfutar ɗalibi ta fi saurin salwanta bisa ga rumbun Google, tun da ana sace ta, tana kuma lalacewa. Wannan magana gaskiya ce, amma ba a ce a ƙaurace wa rumbun kamfani ba. Manufa ita ce ajiya ta zama biyu, ta yadda in ɗaya ta faɗi ɗaya za ta tsaya. In an ƙara da kwafi a filas, ta zama uku. Wani kuma ya ce waya ta wadatar. Amma manhajojin waya galibi saƙonnin kwanan nan kaɗai suke riƙewa, na bara da na bara waccan sai an koma intanet.

Kammalawa

Takardar shiga jami'a, da gyaran malami mai duba kundi, da amsar da wani marubuci ko mawaƙi ya bai wa mai bincike, duk ta imel suke zuwa a yau, kuma su ne gobe za a nema in an zo rubuta tarihin adabin wannan zamani. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su sanya wannan ɗan darasi cikin abin da ake koya wa masu shirin rubuta kundi, tun da aiki ne da bai wuce na zama ɗaya ba. Magabata sun bar gafaka cike da takardu, shi ya sa ake da abin nazarta. Abin kunya ne a ce jikokinsu, da duk na'urorin da Allah ya hore musu, ba su bar wa na baya kome ba sai adireshin da aka rufe.