Hangen Dala ba shiga birni ba: Shin maguɗi ne neman kifi da madubin hangen nesa?

Duk shekara daga Satumba zuwa Nuwamba, a garin Montauk da ke can ƙarshen tsibirin Long Island a jihar New York ta Amurka, akan ga motoci sun yi jerin gwano a bakin teku tun da asuba. Masu su masunta ne, amma sandunan fatsarsu na ɗaure a jikin mota, babu wanda ya jefa ƙugiya. Kowa ya kafa madubin hangen nesa a ido yana kallon ruwa.

Wani sai ya yi awa guda a haka. Da zarar ya hango abin da yake jira, sai ya tayar da mota ya bi gaɓa a guje.

Kifin da suke nema shi ne wanda Amurkawa ke kira striped bass, wato bas mai zane-zane a jiki. Matsayinsa a wajensu kamar na giwan ruwa ne a wajen masuntan Argungu. A 1982 wani mai fatsa ya kama mai nauyin kilo 35 da ɗoriya yana tsaye a kan duwatsun gaɓar Atlantic City, kuma har yau ana ba da labarin.

Akwai masu ganin wannan ɗabi'a ta zama a mota da madubi lalaci ce, wasu ma na kiranta maguɗi. A cewarsu masuncin kirki shi ne wanda ya san wurinsa, ya tsaya cikin ruwan sanyi yana jifa har Allah ya kawo rabo. Ƙorafin nasu yana da tushe, domin kifin na raguwa. Sai dai sun kama wanda ba shi da laifi sun bar mai laifin.

Abin da madubin ke nunawa

Madubin hangen nesa ba ya ratsa ruwa. Wanda ya saye shi da zaton zai ga kifi na yawo a ƙarƙashin teku ya yi asarar kuɗinsa. Alamu yake kawowa kusa, kuma sai wanda ya iya karanta su ne zai amfana.

Babbar alama ita ce tsuntsaye. Idan manyan kifaye suka koro ƙanana, sukan matse su zuwa saman ruwa, inda babu sauran wurin gudu. Nan tsuntsaye ke far musu ta sama. Kamar yadda mafarauci ke ganin ungulu na shawagi ya san akwai mushe a ƙasa, haka mai fatsa ke karanta tsuntsayen teku, sai dai karatun nasa ya fi yawan rassa.

Ƙananan fararen tsuntsaye masu tsagaggiyar wutsiya, idan suka tsaya cak a iska suna cafka suna tashi, to ƙananan kifaye ne a kusa da sama. Manyan tsuntsayen da ake kira ganet kuwa daga can sama suke naɗe fikafikai su faɗo kamar mashi, wani lokaci daga tsayin mita 30, kuma ganinsu kan nuna abincin da ke wurin ya fi girma. Tsuntsayen da ke zaune a kan ruwa suna lilo, ko dai an gama cin kasuwa, ko suna jiran a sake buɗe ta. Waɗanda suka miƙe gaba ɗaya suka nufi waje guda, sun ga abin da mutum bai gani ba tukuna.

Bayan tsuntsaye sai ruwan kansa. Garken ƙananan kifi kan bayyana kamar inuwar girgije a kan teku, sai dai ita wannan inuwa ba ta bin iska. Wani lokaci saman ruwan kan yi ɓari-ɓari kamar ana yayyafi alhali sama garau take. Akwai kuma wani kifi mai yawan mai da ake kira manheden, wanda idan manya suka yayyaga shi man jikinsa kan taso ya kwantar da ruwan wurin sumul.

Alama ta uku ba ta kifi ba ce, ta ƙasa ce, kuma ita ce ƙwararru suka fi daraja. Igiyar ruwa na fashewa ne a inda ruwa ya yi ƙaranci, kamar kan tudun yashi da ke ƙarƙashi. Inda aka ga farin kumfa ya yanke, ruwa ya yi duhu ya lafa, to akwai kwari a wurin. Ta nan ruwan da ya hau gaɓa ke komawa teku yana jan ƙaguwa da ƙananan kifi, manya kuma na tsaye a bakin hanyar suna jira. Mai madubi kan zo lokacin da teku ya janye ya haddace waɗannan wurare, sannan ya dawo idan ya cika. Wannan kwarin dai shi ne yake jan masu wanka zuwa cikin teku, don haka saninsa na iya ceton rai.

Duk wannan ilimi ne da ake tarawa cikin shekaru. A ba baƙo madubi mafi tsada, zai ga tsuntsaye da ruwa kawai.

Wane iri, kuma daga ina

Lambobi biyu ne a jikin kowane madubi. Wanda aka rubuta wa 7x50, ma'anarsa yana kawo abu kusa sau 7, kuma faɗin gilashinsa na gaba milimita 50 ne. Shi ne wanda ma'aikatan jirgin ruwa suka daɗe da riƙewa, saboda faɗin gilashin na tara haske da asuba da magariba, lokutan da kifi ya fi matsowa gaɓa.

Sabon shiga kan yi kwaɗayin babbar lamba. Kuskure ne. Da zarar an wuce sau 10, rawar hannu ma ana ninka ta, ga iskar teku na kaɗa mutum, ga filin da ido ke ɗauka ya ƙuntata. Wanda ke neman tsuntsaye a faɗin teku fili yake buƙata.

Tsayi ya fi ƙarfin gilashi muhimmanci. Saboda lanƙwasar duniya, mutumin da ke tsaye a bakin ruwa ba ya ganin saman teku fiye da kusan kilomita 5. Idan ya hau tudu mai tsayin mita 10, sai hangensa ya kai kilomita 11. Shi ya sa motocin Montauk ke neman wuri mai tudu. Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: a gaɓar da ke fuskantar gabas rana daga cikin teku take fitowa, kuma kallonta ta cikin madubi na iya lalata ido nan take.

Hujjar masu cewa maguɗi ne

Abin da masu suka ke mantawa shi ne madubi ba ya ƙara wa jifa nisa ko da taku ɗaya. Mai fatsa na yau da kullum da ƙyar yake jefa ƙugiya ta kai mita 100. Zai iya hango teku na tafasa da kifi a nisan kilomita guda, ya tsaya yana haɗiyar yawu har rana ta faɗi ba su matso ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kifin na da damar tsira kamar yadda yake da ita tun da can.

A kwatanta da jirgi maras matuƙi, wanda wasu ke maƙala wa ƙugiya da koto ya kai su ɗaruruwan mitoci bayan inda igiyar ruwa ke fashewa ya saki. Wannan ya rushe katangar da ke tsakanin mutumin gaɓa da kifin cikin teku. Hukumomin Afirka ta Kudu sun sanar a 2022 cewa yin fatsa da irin wannan jirgi ya saɓa wa doka. Sun yi daidai. Madubi kuwa ba ya taɓa ruwa, ba ya ɗaukar ƙugiya.

Kuma hangen kifi daga tudu ba sabon abu ba ne. A yankin Cornwall na kudu maso yammacin Ingila, sana'a ce sukutum a ƙarnonin baya. Akan ɗauki mutum aikin zama a kan dutse yana jiran garken sadin. Idan ya ga ruwa ya sauya launi sai ya ƙwala kira, gari ya ruɗe, sannan ya riƙa nuna wa masu kwalekwale inda za su zagaya da taru ta hanyar kaɗa reshe a hannu. Ɗakin da masu wannan aiki ke fakewa yana nan har yau a garin Newquay, fari fat a kan dutse. Kifin kuma akan zuba masa gishiri a ganga a kai Italiya. Babu wanda ya kira mai hangen ɗan maguɗi. Gari guda ne ke ci daga idonsa.

Inda matsalar take

Duk da haka akwai abin tsoro a cikin wannan hange, kuma ya fi abin da masu suka ke faɗi girma.

Kifin da ke tafiya garke-garke yana yaudarar ido. Ko da yawansa ya ragu da rabi, waɗanda suka saura ba sa warwatsewa, haɗuwa suke yi wuri guda. Wanda ya iya nemo garken zai ci gaba da kamu kamar babu abin da ya faru, ya rantse cewa kifi na nan danƙam. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Abin da bai gani ba shi ne sauran gaɓar da ta zama kango.

Kanada ta ɗanɗana wannan. A gaɓar Newfoundland manyan jiragen kamun kifi sun ci gaba da cika ciki da kifin kod saboda na'urorinsu na nemo inda ragowar ya taru, har zuwa Yulin 1992 da gwamnati ta rufe kamun baki ɗaya. Mutane wajen 30,000 suka rasa abin yi.

Bas mai zane ma ya taɓa kai wa bakin rami. A 1985 jihar Maryland ta haramta kama shi kwata-kwata, sai a 1995 aka ayyana cewa ya farfaɗo. A 2019 hukumar da ke haɗa jihohin gaɓar Atlantika kan harkar kifi ta karɓi binciken da ya nuna an sake cinye shi fiye da ƙima. A mashigin Chesapeake, inda mafi yawansa ke hayayyafa, ƙidayar 'ya'yan kifin ta yi ta fitowa ƙasa da yadda aka saba shekara bayan shekara tun daga lokacin. Amma mai madubi a Montauk, ranar da ya dace da garke, zai ce masana ba su san abin da suke faɗa ba.

Wani abin lura shi ne mafi yawan wannan kifi ba jiragen 'yan kasuwa ke kashe shi ba, masu kamun nishaɗi ne. Ko wanda aka kama aka saki bai tsira duka ba: lissafin da hukumar ke aiki da shi shi ne 9 cikin 100 na mutuwa bayan sakin.

Sai kuma waya. A da, wanda ya hango garke shi da abokinsa ne kawai suka sani. Yanzu hoto ɗaya a Facebook ko saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa ya tara mutum ɗari a wuri guda kafin awa ta cika. Masuntan can na kiran wannan ƙona wuri, kuma faɗa kan kaure a kansa. Madubi ido ɗaya yake ƙara wa ƙarfi, waya kuwa gari take gayyatowa. Idan ana neman na'urar da ta sauya lissafi a bakin teku, ga ta nan a aljihu.

Don haka dokar da ke da amfani ita ce wadda ta tsaya a kan abin da ake fitarwa daga ruwa. Ita ce kuma aka bi. Tun 2021 wanda zai yi amfani da koto don wannan kifi dole ya sa ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama gefen baki maimakon ta shige ciki. A watan Mayun 2023 hukumar ta ɗauki matakin gaggawa ta taƙaita girman da za a iya tafiya da shi gida daga teku: kifi ɗaya a rana, mai tsawon inci 28 zuwa 31, wato kusan santimita 71 zuwa 79. Wanda ya fi haka a mayar da shi, domin manyan galibi mata ne, su ne masu zuba ƙwai da yawa. Wa'adin da aka ɗiba don kifin ya farfaɗo shi ne 2029.

Hasali ma mai madubi ya fi kowa damar bin wannan doka da hankali. Tun daga nesa yakan gane irin abincin da ake kora, ya ƙiyasta girman masu korar. Idan ya ga alamar ƙanana ne zalla, yana iya barin sandarsa a ɗaure maimakon ya yi ta huda bakin kifin da dole ya saki. Wanda ke jifa a makance ba shi da wannan zaɓi.

Kuma idan hukumomi na son sanin gaskiyar abin da ke cikin ruwa, waɗannan mutane na cikin mota suna da bayanin da babu mai tambayarsu. Kowa na ba da labarin ranar da teku ya tafasa. Su kaɗai suka san safiya nawa suka yi a kan tudu suna duba gaɓa daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba su ga tsuntsu ko ɗaya ya faɗa ruwa ba.