Barcin Ba Shi Ne Gwajin Ba

Duk wanda muka rubuta wa takardar zuwa babban asibiti don a leƙa hanjinsa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: "Sista, za a sa ni barci kuwa?" Ba na ganin laifin mai wannan tambaya. Akwai tsoron zafi, akwai kuma kunya, domin ta dubura ake shigar da na'urar. Amma a shekarun da na yi ina aikin jinya na lura mun ɗora wa barcin nan nauyin da ba nasa ba. Mutum zai iya yin barci mai nauyi ya farka da gwajin banza, wani kuma a duba shi ido biyu a gano abin da zai ceci ransa.

Likitoci suna kiran gwajin kolonoskofi. Tiyo ne mai laushi, kaurinsa kamar yatsa, da fitila da 'yar kyamara a bakinsa. Babban hanji ya kai kusan mita 1.5, kuma yana da kwana-kwana. Likita yana bin sa yana neman gyambo, kumburi, wurin da jini ke fita, da ƙananan tsiro a bangon hanjin. Wasu daga cikin tsiron nan suna rikiɗa su zama ciwon daji, amma a hankali, sau da yawa sai bayan shekara 10. In an gan su da wuri, nan take ake cire su ta cikin tiyon ba tare da an tsaga ciki ba. Shi ya sa nake cewa kada a kira kowane jini a bayan gida basir a zauna a gida.

Hanyoyi uku ne ake yin gwajin. Ta farko, ba allurar barci ko kaɗan. Za ka ji ciki ya kumbura, ka ji murɗa a wuraren kwana, amma da an gama sai ka tashi ka kama harkarka. Ta biyu, allurar kwantar da hankali irin midazolam tare da ta rage zafi. Kana gyangyaɗi, kana jin magana, daga baya da wuya ka tuna abin da ya faru. Ta uku, barci mai nauyi da wani magani fari kamar madara da ake kira propofol. Ba za ka ji komai ba, amma maganin yana iya rage numfashi ya saukar da hawan jini, don haka dole a sami ƙwararren mai sa barci a kanka, da iskar oksijin, da na'urar da ke lura da bugun zuciya. Kuɗinsa ma ya fi yawa.

Ko ƙasashen da suka wadata ba su yi ittifaƙi ba. A Faransa yawancin mutane barci mai nauyi ake sa su, a Norwe kuwa da yawa ana yi musu ba tare da allurar barci ba. Duka ƙasashen biyu suna da ƙwararrun likitoci.

Ingancin gwajin yana kan abubuwa uku ne. Na farko, hanji ya wanku tas. Wannan aikin majinyaci ne, babu likitan da zai yi maka shi. Na biyu, tiyon ya kai ƙarshen babban hanji, can ƙasan ciki ta dama inda yake haɗuwa da ƙaramin hanji. Na uku, likita ya janyo tiyon sannu a hankali, domin a lokacin fitowa ne ake duba kowane lungu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna likitocin da ke ɗaukar aƙalla minti 6 wajen janyowa sun fi masu sauri gano tsiro. A nan, sannu ba ta hana zuwa.

Na tuna wani manomi da muka tura birni. Ya sayar da rago don ya biya barci mai nauyi. Maganin wanke ciki da aka ba shi kuwa rabi ya sha, ya ce gishiri-gishirinsa yana tayar masa da zuciya, da asuba kuma ya kurɓi fura don kada ya galabaita. Ya dawo yana yabon aikin, wai ko sauro bai cije shi ba. Da na karanta takardar, likita ya rubuta cewa hanjin bai wanku ba, bai iya ganin bangon sosai ba, sai an sake. Rago ya tafi, kuɗin mota ya tafi, tambayar da ta kai shi tana nan. Furar nan ma hatsari ce, domin mai barcin allura zai iya yin amai ya shaƙe shi cikin huhu.

Ga ra'ayina. Ga yawancin mutanenmu, allura mai sauƙi ta isa, wasu ma ba sa buƙatarta. Wanda bai yi nisa cikin barci ba yana iya juyawa in an ce ya juya, nas ta danna masa ciki, tiyon ya wuce kwana cikin sauƙi. Kada wani ya fasa gwaji don ba shi da kuɗin barci mai nauyi, kada kuma ya ɗauka an yi masa na talaka.

Ba na cewa kowa ya cije. Zafi mai tsanani yana iya sa likita ya tsaya bai kai ƙarshe ba, wannan ma gwaji ne rabi. Wadda aka taɓa yi wa aikin ciki, ko wanda ya taɓa yin gwajin ya sha wuya, ko mai tsoron da ba ya barinsa ya kwanta, ya faɗa tun farko, barci mai nauyi yana iya zama daidai gare shi. Amma ya tambaya ko wa zai tsaya yana lura da numfashinsa. In an ce likitan da ke riƙe da tiyo shi kaɗai ne a ɗakin, gara allura mai sauƙi.

Kafin ranar, ka faɗa wa likita gaskiyar jikinka: ciwon zuciya, asma, ciwon suga, juna biyu, maganin tsinka jini, ƙwayar ƙarin jini. In kana shan giya ko tramadol ka faɗa, ba don a yi maka wa'azi ba, sai don suna canza yawan allurar da jikinka zai ɗauka. Kwana biyu ko uku kafin gwaji ka bar kuɓewa, wake, ganye da duk abinci mai ƙwaya ko dusa. Ka bar zoɓo, domin jansa yana kama da jini a idon kyamara. Ka shanye maganin wanke ciki yadda aka tsara maka, har abin da ke fita ya zama ruwa garau kamar fitsari.

In an yi maka allurar barci kowace iri, ka zo da ɗan rakiya. Kada ka tuƙa babur ko mota, kada ka sa hannu a wata takardar ciniki, sai bayan awa 24. In ka koma gida ka ji ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, ko jini mai yawa, ka koma asibiti a daren nan, kada ka jira gari ya waye.

Bayan ka farka, ka yi wa likita tambayoyi uku: Hanjina ya wanku? Kun kai ƙarshe? Me kuka gani, yaushe zan dawo? Ka roƙi a rubuta amsar a takarda, ka kawo mana ita asibiti mu karanta tare. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu lafiya.