Wa Zai Yi Jinyar Tsofaffin Zuru?

Kowa ya san ƙasar Zuru da aikin soja. Tun zamanin Turawa samarin Dakarkari ke sa kaki, yau kuwa da yawansu sun tsufa, sun komo gida, wasu a Zuru, wasu a Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu. Tsufa ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da ciwon daji ko shanyewar ɓarin jiki. Wata cutar ba ta warkewa, amma akwai jinyar da ke rage raɗaɗi, a wanke gyambo, a juya majinyaci, a kwantar wa iyalinsa hankali har wa'adi ya cika.

A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya bukaci kowace ƙasa ta sa irin wannan jinya cikin aikin asibitocinta. Duk da haka hukumar ta ƙiyasta cewa cikin mutum 100 masu bukata, kamar 14 ne ke samu. A Nijeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan jinya a 2007, da na tsofaffi a 2012. To, ina Ibadan ina Zuru? Ko Birnin Kebbi ma tafiya ce mai wuya ga tsohon da ba ya iya zama.

Ashe ke nan nauyin yana kan nas ta kusa da gida, ita kuwa ba ta zama. A 2024 hukumar da ke yi wa nas-nas rajista ta ce 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. A Yulin 2025 ƙungiyarsu ta tafi yajin aiki saboda alawus da ƙarancin ma'aikata. Ba kuɗi kaɗai ke korarsu ba. Wadda ta ga tsoho yana nishi alhali babu morfin a asibiti, ga tsoron 'yan bindiga a hanyar ƙauye, ina za ta ji daɗin aikinta?

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kebbi ta horar da nas-nas kan wannan jinya, ta ajiye maganin raɗaɗi a babban asibitin Zuru bisa tsaron doka, ta ba su abin hawa su riƙa zaga gidaje, ta biya su kan kari. Malamai da ma'aikatan ofis, ku tuna wa shugabannin ƙananan hukumomi wannan magana, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu tsufa da mutunci.