Tauye Mudu Ba A Kasuwa Kaɗai Yake Ba

 

A wannan mako filinmu zai duba wata mas'ala wadda mutane da yawa suke zaton ta ma'aikatan ilmi ce kurum, babu ruwan addini da ita. Mas'alar kuwa ita ce, kwana nawa ya wajaba a karantar da yaro a makarantar Gwamnati cikin shekara guda, wa kuma za a tuhuma idan kwanakin suka kasa?

Masu karatu za su tuna da muhawarar da aka yi a shekarar 1446 ta Hijira, watau 2025, sa'ad da jihohin Bauci, Katsina, Kano da Kebbi suka rufe makarantu saboda azumin watan Ramalana. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta nuna rashin amincewarta, wasu hukumomin ilmi kuma suka amsa da cewa tun farko aka tsara jadawalin shekara domin hutun zango ya dace da azumi. Aka yi ta ka-ce-na-ce a jaridu da gidajen rediyo, maganar ta koma ta Musulmi da Kirista. Amma tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba ta sami masu yinta da yawa ba. Tambayar ita ce, bayan an ba da hutun, kwana nawa suka saura wa yaro a cikin aji, kuma a wace doka aka rubuta iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba?

A wasu ƙasashe wannan iyaka a rubuce take. A Ingila, ƙa'idojin da aka kafa a 1999 sun wajabta wa makarantun da Gwamnati ke riƙe da su su yi zama 380 a shekara, na safe da na rana, watau kwana 190 ke nan. A Amurka kowace jiha da dokarta, galibinsu kuwa sun tsaya a wajen kwana 180. Jihar Texas ma da minti take lissafi, tun da dokarta ta 2015 ta yanka minti 75,600 a shekara. A wurare da yawa can, idan dusar ƙanƙara ta hana buɗe makaranta fiye da abin da aka yi tanadi, sai a biya kwanakin daga cikin hutu. A Faransa kuma ɗan firamare yana da awa 24 a mako, cikin mako 36 a shekara.

Mu nan Nijeriya muna da dokar ilmin bai ɗaya ta 2004, wadda ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Dokar ta tanadi hukunci a kan uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: a karo na farko gargaɗi, a na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. To, amma a cikin sassanta babu inda aka ƙidaya wa hukuma kwanakin da za ta karantar da yaron bayan an kawo mata shi. Ma'aikatar Ilmi ta kowace jiha ita ke tsara jadawalin zangunanta, ita ke ƙarawa, ita ke ragewa. Ashe an ɗaure uba ke nan, an bar hukuma sake.

Wani zai ce wannan ƙidayar kwanaki ai tsarin Turawa ne. Wanda ya faɗi haka bai leƙa littattafan malamanmu na Malikiyya ba. Muhammadu ɗan Sahnunu, mutumin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, watau 870, ya wallafa littafi mai suna Adabul Mu'allimina a kan ladubban masu karantarwa. Mahaifinsa shi ne Imamu Sahnunu mai Mudawwana, kuma yawancin hukunce-hukuncen littafin daga bakinsa aka ɗauko su. A ciki an yanka wa hutu iyaka. Ƙaramar Salla kwana ɗaya, in an ƙara kada a wuce uku. Babbar Salla kwana uku, in an ƙara kada a wuce biyar. Idan wani yaro ya yi sauka, malami yana iya sallamar sauran yini guda ko makamancin haka, amma fiye da wannan bai halatta ba sai da yardar iyayen yaran dukkansu. Har ma an hana malami barin almajiransa ya tafi rakiyar gawa ko gaida mara lafiya a lokacin karatu, sai dai wadda ta zama masa ba makawa.

Dalilin da aka kafa waɗannan hukunce-hukunce a kansa guda ɗaya ne: malamin da ake biya lada mutum ne da aka yi jinga da shi, lokacinsa na karantarwa ya riga ya zama hakkin waɗanda suka ɗauke shi. Ku duba fa, jama'a, zuwa jana'iza da gaida mara lafiya ayyukan lada ne waɗanda addini ya kwaɗaitar a kansu, duk da haka aka fifita zaman malami gaban yara a kansu. Wannan ya fi shekara dubu ɗaya da ɗari ɗaya da rubutawa. Makarantunmu na allo ma a kan irin wannan tsari suka tashi, karatu daga Asabar zuwa Laraba, hutu Alhamis da Juma'a, kowa ya san ranar tashi da ranar komawa. A yau Gwamnati ce ta ɗauki malami aiki da dukiyar jama'a, saboda haka jingar tana nan, hakkin kuma na yara ne da iyayensu.

Yanzu mu ɗauki alkalami mu yi ɗan lissafi. Alal misali, a ce zangon karatu mako 13 ne, zango uku kuwa mako 39, kowane mako kwana biyar, jimla kwana 195. Duk mai ɗa a makarantar Gwamnati ya san yadda makon farko yake tafiya, shara da yankan ciyawa da jiran waɗanda ba su dawo ba. Ya kuma san makonni biyu na ƙarshe, ɗaya na jarrabawa, ɗaya na zaman jiran sakamako yara suna ta guje-guje a fili. Idan haka ta faru a kowane zango, mako tara sun tafi, watau kwana 45, saura 150. A cikin shekara tara kwana 405 ke nan, abin da ya ɗara shekara biyu ta karatu. Wannan kuwa tun ba a sa ranakun hutun ƙasa ba, da ranar da aka jera yara a bakin titi domin taryar baƙo, da ranar kasuwar ƙauye, da lokacin shuka da girbi.

Daɗa ga manyan musibu. A 2020 annobar korona ta rufe makarantun ƙasar nan wata da watanni. Satar ɗalibai a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, da ta Jangebe cikin Fabrairu 2021, ta sa an kulle makarantu da yawa a arewa maso yamma. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun yi yajin aiki fiye da wata uku a kan hakkokinsu na albashi. Wasu daga cikin waɗannan lalura ce wadda babu mai hankalin da zai zargi hukuma a kanta, domin tsare rai yana gaba da karatu. Abin tambaya shi ne, da lalurar ta wuce, wa ya zauna ya ƙidaya abin da yara suka rasa domin a biya su? Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Idan lokacin jarrabawar gama sakandare ya zo, takarda ɗaya ake miƙa wa yaron Ikko da yaron Birnin Kebbi, mai gyaran takarda kuma ba ya tambayar wanda aka rufe wa makaranta.

Allah Ya saukar da sura sukutum, Suratul Muɗaffifina, a kan narkon masu tauye awo, waɗanda ke cika mudu in za su karɓa, su rage in za su bayar. Mun saba kai wannan wa'azi kasuwar hatsi. Lalle malamin da ya karɓi albashin wata cif, ya shiga aji rabin wata, ya shiga cikin wannan gargaɗi. Haka hukumar da ta karɓi kasafin shekara cif ta buɗe makaranta rabin shekara, ko ta riƙe albashin malami har yunwa ta kore shi daga aji ya tafi neman abin sa wa a baka. Haka kuma uban da ke fizge ɗansa daga aji duk ranar kasuwa. Mai hatsi in an tauye shi yana iya komawa ya yi ƙara. Yaro ɗan shekara takwas bai san an tauye shi ba sai ya girma ya ga ba ya iya karanta wasiƙa, a lokacin kuwa icce ya riga ya bushe, ba ya tanƙwaruwa.

Game da watan azumi, masu goyon bayan hutu suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Zafin bazara a ƙasar Hausa ba wasa ba ne, ga cunkoso a azuzuwa, ga malami ya yini yana ɗaga murya da ƙishirwa, ga wahalar abinci a makarantun kwana. Sai dai a tuna, a mazhabarmu azumi ba ya wajaba a kan yaro sai ya balaga, kamar yadda yake a cikin Risala, galibin 'yan firamare kuwa ba su kai ba. A tuna kuma Ramalana watan himma ne tun asali. A cikinsa aka yi yaƙin Badar a shekara ta 2, a cikinsa aka buɗe Makka a shekara ta 8, a cikin dararensa Mala'ika Jibrilu yake bitar Alƙur'ani tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu kanmu a watan ne masallatanmu ke cika da masu sauraron tafsiri. Har wa yau, watan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka ba kullum zai dace da ƙarshen zango ba, akwai shekarun da zai faɗo a tsakiyarsa. Sa'an nan makarantar Gwamnati ta kowa ce, da 'ya'yan maƙwabtanmu waɗanda ba Musulmi ba a cikinta, adalci kuwa ya wajaba a kanmu game da su.

Azumin kansa ya koya mana mafita. Kwanakinsa ƙidayayyu ne, an yi wa mara lafiya da matafiyi rangwame su sha, amma ba a yafe musu ba, ramuwa tana kansu. To, haka ya kamata kwanakin makaranta su zama.

Saboda haka muna kira ga Majalisun Dokoki na jihohinmu su kafa doka wadda za ta faɗi mafi ƙarancin kwanaki da awoyin karantarwa a shekara, ban da kwanakin jarrabawa da na bukukuwa, ta kuma wajabta ramuwar duk ranar da aka rasa, ko saboda azumi ne, ko yajin aiki, ko rashin tsaro. Inda ya yiwu, a rage awoyi a watan azumi, a shiga da sassafe a tashi kafin rana ta take, maimakon a kulle ƙofa ɗungum. A manna jadawalin shekara a ƙofar kowace makaranta da Hausa, boko da ajami, domin ƙungiyar iyaye da malamai ta riƙa bin lissafi. A biya malamai hakkinsu a kan kari, domin ba a neman cikon mudu daga wanda aka tauye. Limamanmu kuma su sa wannan magana cikin huɗuba, kamar yadda suke sa maganar riba da algus.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya sa wa malamanmu albarka cikin abin da suke samu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilmi mai amfani. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.