Injinan Haƙar Kuɗin Intanet: Sadaka Ko Asara?

A watan Satumbar 2022 tsarin Ethereum ya daina dogaro da haƙa, sai ɗimbin katunan sarrafa hoto na kwamfuta suka rasa aikin yi. Mafita guda ita ce a juya su ga shirin Folding@home, wanda aka fara a Jami'ar Stanford a 2000, inda kwamfutocin 'yan sa-kai ke lissafin yadda furotin ke naɗewa domin binciken cututtuka.

A ganina abin a yaba ne, amma mai karatu ya lura da abu biyu. Injinan Bitcoin lissafi guda kaɗai aka ƙera su su yi, ba sa shiga wannan sahu. Sannan kuɗin lantarki mai injin ne zai biya. Sadakar ke nan. Wanda bai shirya mata ba, gara ya sayar.