Motar da ke ba gida wuta: mene ne rabonmu a Madaoua, Bouza da Keita?

Jama'a masu saurare, da ƴan uwa da ke bida a Abijan, Legas, Libiya da Turai, yau sharhinmu kan wata irin mota ne mai ciki biyu: tana shan esansi, tana kuma da babban batir da ake jonawa a kuran a yi masa caji. A wasu ƙasashe irin wannan mota har tana mayar da wuta cikin layin kamfani in buƙata ta yi yawa. To, mu nan Adar da Gobir, ina ta shafe mu?

Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kafin nan kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nigelec daga can take zuwa, tamu ta wannan yanki kuwa ta layin Katsina zuwa Gazaoua take shigowa. Masu niƙa, masu walda da masu saida ƙanƙara sun ji a jikinsu. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, tana taimakawa, amma da rana ta faɗi aikinta ya ƙare, alhali da magariba ne kowa ke kunna fitila da fanka. Matsalar ke nan: ina za a ajiye wutar tsakar rana har dare? Batirin mota rumbu ne na wuta.

Ana amfani da wannan rumbu ta hanya uku. Ta farko, a jona kaya kai tsaye jikin motar: firigo, telebijin, cajin salula. Mitsubishi Outlander PHEV, da ta fito a 2013 da batir mai kilowat-awa 12, wasu samfuranta na da wurin jona kaya har wat 1,500. Ta biyu, motar ta ba gida duka wuta ta wata na'ura ta musamman. Japan ta ba wannan ƙarfi bayan girgizar ƙasar 2011. Ta uku ita ce mayar da wuta cikin layin kamfani, a biya mai motar, kamar yadda birnin Utrecht na Holan ke yi da motocin haya masu batir.

Hanya ta ukun nan da sauranta a wurinmu. Tana son kontar da ke ƙirga wutar shiga da ta fita, da dokar farashi daga hukumar ARSE, da layi mai ƙarko, da motoci masu yawa a gari ɗaya. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, ƙauyuka da dama ko falwaya ba su gani ba, balle layin da za a tallafa wa.

Amma ta farko mai yiwuwa ce tun yau. Ku yi lissafi: fitilu biyar, fanka ɗaya, telebijin da cajin salula ba su wuce wat 200 ba, awa goma na dare, kilowat-awa 2 ke nan. Batir cike zai kai gida dare uku zuwa huɗu, babu ƙara, babu hayaƙin gurup. A likitar ƙauye, wannan shi ne bambanci tsakanin haihuwa a haske da haihuwa da tocila. In ba a raba wutar ba, tana kai motar kilomita 40 zuwa 50 ba ɗigon mai, abin da duk wanda ya bi layin esansi a watan Maris na 2025 zai san darajarsa. Sharaɗin dai a yi cajin da farantan rana manya. Ƙaramin faranti na cajin salula ba zai cika ta ba.

Ga mai shirin aiko da mota gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambaya tun can: tana fitar da wuta, ko karɓa kawai take yi? Da yawa ba sa fitarwa, kuma motar da ba ta da wurin jonawa wata iri ce daban. Ka sa a auna lafiyar batirin, don tsoho ya riga ya rage ƙarfi, zafin bazararmu kuma yana ƙara cinye shi. Ka bincika ko akwai bakaniken da ya san ta a Konni, Maradi ko Tahoua, don batirin na ɗauke da bolt ɗari uku ko fiye, ba na taɓawa da hannu ba ne.

Gargaɗi mafi girma: kada kowa ya jona mota, ko gurup, cikin wayoyin gida ba tare da an raba gidan da layin Nigelec ba. Wutar na komawa cikin layi, ta kashe ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton an yanke.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai kuɗin mota ɗaya zai iya sa wa gidaje da dama faranti da batir na girke, waɗanda ba sa tafiya cin kasuwa su bar gida a duhu. Mai buƙatar mota don zirga-zirga, wannan riba biyu ce gare shi. Mai neman haske kaɗai, faranti da batir ya kamata ya fara saye.