Jita a Manchok: kunne kafin yatsa

Duk wanda ya taɓa halartar sujadar Lahadi a Manchok ya san akwai samarin da jita ke bin hannunsu. Abin da ke damuna shi ne yadda masu son koyon blues ke kwana kan YouTube suna neman saurin yatsa, alhali kiɗan nan ba tsere ba ne. Marigayi B.B. King, gwanin blues, yakan danne tsirkiya ɗaya, ya tura ta sama da yatsa, ya girgiza ta har sai ta yi kuka, sannan ya yi shiru ya bar ta ta huce. Muryoyi biyar ɗin da blues ke yawo a kansu kuwa ba baƙi ba ne a kunnenmu. Suna cikin goge, suna cikin waƙoƙin zumuntar mata, inda ɗaya ke bayarwa sauran na amsawa. Ali Farka Touré na Mali ya tsaya kan kiɗan gidansu har faifansa na 1994 da Ry Cooder ya ci Grammy. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Don haka, kamata ya yi yaron Manchok ya fara rera waƙar kakarsa da baki, sannan ya lalubo ta a kan tsirkiya.